Ramin Tanar Inna

A ƙauyenmu na kusa da Kamlin, in mace ta ce za ta je gaida Inna da hantsi, sai a ce mata kada ta wahalar da kanta zuwa gida, ta wuce hawasha kawai. Hawasha ita ce gonar da aka yanka wa Babana a filin ban-ruwa na Jazira, inda yake juya auduga da dawa da gyaɗa shekara bayan shekara. A kusurwarta ta gabas, inda ƙaramar tur'a, wato magudanar ban-ruwa, take kawo ruwa, akwai wata tsohuwar bagaruwa, kuma a gindinta akwai wani rami da duk garin ya sani da sunan ramin Inna. Tsawonsa bai wuce tabarma biyu ba, zurfinsa iya gwiwa. A cikinsa take kiwon tana, tsutsar nan ta ƙasa da masu kamun kifi kan tono su sa a ƙugiya. Wasu matan awaki suke kiwo, wasu tantabaru, uwata kuwa tsutsa, kuma ba ta taɓa jin kunyar faɗin haka a gaban kowa ba. Ni ce nake jin kunyar a madadinta.

Baba ne ya haƙa mata ramin a shekarar farko ta aurensu. Ita ta ba ni labarin da dariya, wai ya yi kwana uku yana sara yana mita, yana cewa bai taɓa jin amaryar da ta roƙi rami a maimakon zobe ba. Tsutsotsin farko kuwa a ƙwarya ta ɗauko su daga gonar mahaifinta da ke bakin kogi, ta rufe su da ɗanyen ganye, ta riƙo su a cinya a bayan mota har gida. Wanda bai san ƙasar Jazira ba ba zai gane dalilin wannan wahala ba. Baƙar laka ce mai nauyi. Da damina ta kama maka takalmi ta ƙi saki, da bazara ta tsattsage har ƙafa ta iya shigewa, kuma a tsakiyar gonar auduga, inda ake feshin magani kowace shekara, sai ka yini kana tono ba ka ga tsutsa ko ɗaya ba. Amma ƙasar ramin Inna wara-wara take kamar dambu, in ka sunsuna sai ka ji ƙamshin ruwan farko.

Sirrin, in ji ta, yana ga abin da ake ba su. A nan muka fi samun saɓani da ita, domin dokokin ramin nan sun fi na asibiti yawa. Ana ba su ganyen shayin da aka gama dafawa, amma sai an ɗauraye shi. Ana ba su garin gahawa da ke kwantawa a gindin jabana, butar da ake dafa ta, da harawar wake da ta gyaɗa, da ɓawon kankana, da ɓawon ƙwai da aka daka. Kashin awaki ma suna ci, amma wanda ya daɗe ya huce, sabo yana da zafi. Abin da ba ya shiga ramin kuwa, ko da wasa, shi ne gishiri da mai da barkono da albasa da lemun tsami, da duk abin da ya taɓa tukunyar miya. Na taɓa sharo ganyen darbejiya na zuba musu don neman yabo, ta sa na tsince shi ɗaya bayan ɗaya. Takan ce abin da suka ci shi suke mayar wa ƙasa, ƙasa ta ba shuka, shuka ta ba mu, don haka wanda ya ciyar da su shara to kansa ya ciyar.

Duk wannan hidima saboda gauta ake yin ta. Ba irin na kasuwa ba ne. Ƙanana ne, farare masu ratsin kore, da ɗacin da ke sa baƙo ya yamutse fuska. Kakar Inna ce ta zo da irin daga ƙasar Sakkwato, ɗaure a bakin zanenta, lokacin da suka taso a ƙasa da niyyar zuwa Makka, tafiyar da ta ƙare a nan bakin kogi. Irin nan ba ya tsira a baƙar lakar gona, sai an reni 'ya'yansa a ƙasa mai laushi har su yi ƙarfi kafin a dasa. A gidanmu al'ada ce, ranar da za a kai ɗiya ɗakin miji, uwarta ta ƙulla mata 'ya'yan gautan a farin ƙyalle ta sa mata a ƙasan akwati. 'Yan'uwan Inna mata biyu an ba su nasu, ɗaya ta rasu, ɗaya ta koma birni irin ya ɓace mata, ya zama a hannun Inna kaɗai ya rage. Ni kaɗai ce ɗiyarta mace, kuma ni ma an ba ni nawa ƙullin. Na karɓa na ce na gode, irin godiyar da ake yi wa abin da ba a roƙa ba. Ban taɓa son ɗacin gautan nan ba.

Abin dariyar shi ne, ni da nake gudun tsutsa, aikin ƙasa Allah ya ba ni. Na yi karatun noma a Wad Madani, na yi aure a can, na samu aiki a wani ɗakin gwajin ƙasa. Manoma sukan kawo ƙasar gonarsu a leda mu auna musu gishirinta da tsaminta. Akwai kuma wani gwaji da na fi so. A cikin ƙasa mai rai akwai wasu sinadarai da muke kira inzim a wurin aiki, waɗanda cikin tsutsa da ƙananan halittun da ido ba ya gani suke fitarwa. Su ne suke narkar da ganye da kashi su saki abincin da saiwa za ta iya sha. Ba a ganinsu, amma in ka zuba ƙasa a kwalba, ka ƙara mata wani ruwa ka ajiye a wuri mai ɗumi, washegari ruwan zai yi ja gwargwadon aikin da suke yi. Ƙasar hawasha takan ba da ja-ja mai haske. Wata rana na ɗebi ta ramin Inna a ɓoye na gwada, kwalbar ta yi jawur kamar zoɓo, har abokan aikina suka taru suna tambaya ta ina ce.

Na koma gida da wannan labari ina ganin na kawo mata kyauta. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta tambaye ni ko sai da na shiga mota zuwa Madani kafin na san ƙasarta tana da kyau. Na ji haushi, kuma ni in na ji haushi bakina ba ya tsayawa. Na ce mata kyan ƙasar daga yawan abin da ake zubawa ne, duk abin da zai ruɓe taki ne, zaɓe-zaɓen nan nata rabinsa camfi ne. Ba ta yi musu da ni ba. Ta ce to, malama, ta ci gaba da ɗauraye ganyen shayinta.

Baba ya rasu a tsakiyar bazara, bayan jinyar da ta cinye kusan shekara. Inna ta shiga takaba. A wajenmu ba a wasa da ita: mace ta sa fararen kaya, ta sauka daga gado ta koma tabarma, ba turare, ba lalle, kuma ba ta taka ƙofar gida har wata huɗu da kwana goma. Ramin yana nesa da gida kamar tafiyar shan shayi ɗaya, amma a wajenta ya zama kamar yana wata ƙasa. Tun ranar farko, cikin masu gaisuwa, ta jawo hannuna ta ce in riƙa leƙa mata shi in yayyafa ruwa. Na ce ta kwantar da hankalinta.

Wanda ya taɓa zaman makoki a ƙauyukanmu ya san yadda abinci yake zuwa. Kowane gida sai ya aiko da faranti, safe da rana: kisra, wato siririyar wainar dawa, tuwo, miyar kuɓewa, wake da mai, nama, shatta, wato yajin barkono mai lemun tsami da ke tashin kai. Baba mutum ne na jama'a, aka zo daga Kamlin, aka zo daga ƙauyukan ƙetaren kogi, har daga Abu Hujar dangin Inna suka cika mota. An ci, an rarraba wa maƙwabta, an kai wa ma'aikatan gona da ke zaune a bayan gari, duk da haka ya ragu. Ga zafin bazara, ga wutar lantarki ba ta tsayawa. Abin da aka kawo da hantsi kafin la'asar ya yi tsami. Aka ba awaki har cikin ɗaya ta kumbura aka daina. Rana ta uku manyan robobi huɗu ne jere a bayan madafa, cike da abincin da ba mai iya ci.

Na ce a kai juji. Goggo, yayar Baba, wadda ita ke riƙe da ragamar gidan a kwanakin nan, ta dube ni kamar na zagi mamacin. A wajenmu abinci ni'ima ne. Ko gutsuren kisra ka gani a hanya sai ka ɗauke ka sa a gefe inda ba za a taka ba, balle abincin sadakar ɗan'uwanta.

"Haram, ya ɗiyata," in ji ta. "Ni'ima ba ta zuwa juji. Sai dai a bizne ta wuri mai tsabta."

Na yarda da hakan, amma wa zai haƙa? Ƙasa ta bushe ƙaƙas, fartanya tsalle take yi a kanta, maza kuma duk suna rumfar makoki suna karɓar gaisuwa. A duk faɗin garin rami ɗaya ne mai laushi kuma mai tsabta, kowa ya san shi. Goggo ce ta fara ambatonsa, ta ce ai tsutsotsin ma bayin Allah ne, su ma su ci sadaka. Ba zan ɗora mata laifin ba. Ita ba ta san dokokin ramin ba, ni kuwa da su na girma. Na gaji, ina tsoron bakin Goggo, kuma can ƙasan zuciyata akwai tsohuwar maganata da nake so ta zama gaskiya, cewa duk abin da zai ruɓe taki ne. Ni da maƙwabta biyu muka ɗauki robobin a kai muka je. Na yaye tabarmar kaba da ke rufe da ramin, muka juye, na ja ƙasa na rufe. Ranar bakwai muka sake kai wasu uku. Ban gaya wa Inna ba. Na ce wa kaina mai takaba ba a dame ta da zancen tsutsa.

Bayan haka na koma aiki, ina zuwa kowace Alhamis in kwana biyu. Nakan je in yayyafa ruwa a kan tabarmar ba tare da na ɗaga ta ba. Akwai wani wari da ke tashi, na ce ruɓewa ce, zai wuce.

Da aka yi ruwan farko Inna ta kira ni ɗaki. Ta ciro wani ɗan ƙulli daga ƙarƙashin matashinta, bai kai girman goro ba. Ta ce bara jinyar Baba ta hana ta kula da gautan, 'ya'ya kaɗan ne suka nuna, wannan shi ne duk abin da ta samu. Ta ce in ɗebo ƙasa daga ramin, in tankaɗe, in cika tsofaffin kwanoni biyu, in shuka duka tun da ba su da yawa, in ajiye a inuwar bagaruwa. Ta maimaita mini sau biyu kamar mai koya wa yaro karatu. Na ce mata na ji, ai aikina ke nan.

Da na yaye tabarmar, ƙudaje suka tashi. Ƙasar ta dunƙule ta yi maiƙo, da wani farin ɓawo a samanta, warin kuwa na tukunyar da aka manta ba a wanke ba. Na tona na tona, tsutsa uku na gani, sirara, fatarsu ta koɗe. A nan ya kamata in tsaya in koma in faɗi gaskiya. Har yau in na tuna wannan tsayuwar nakan ji kamar in kama kafaɗar matar da ke durƙushe a bakin ramin in jijjiga ta. Maimakon haka na ɗebi ta gefe, inda ta fi kyan gani, na tankaɗe, na shuka duka.

Sun fito. Wannan ne ya fi ba ni takaici, domin kwana biyu na yi ina murna. Kowanne ya buɗe ganye biyu, sannan bakin ganyen ya fara ƙonewa, gindin ya yi baƙi ya sirance, suka riƙa kwanciya ɗaya bayan ɗaya. Na canja musu wuri, na rage ruwa, na ƙara ruwa. Cikin kwana goma babu ko ɗaya a tsaye. Na kai ƙasar wurin aiki na gwada da hannuna. Gishiri ya yi mata yawa, ta yi tsami, kwalbar da a da take yin jawur kuwa ko canja launi ba ta yi ba. Na zauna ina kallonta har aka tashi daga aiki.

Alhamis biyu na yi wa uwata ƙarya. In ta tambaya sai in ce suna nan, in tashi in kama wani aiki. A ta uku ta ce ta yi kewar ramin, in kawo mata ƙasarsa cikin hannu ta ji ƙamshinta. Na tafi ina tunanin inda zan samo wata in kawo a madadinta, amma babu irinta a ko'ina, abin da ya sa ake kiransa ramin Inna ke nan. Na ɗebo a bakin mayafina na ajiye mata a kan tabarma.

Ta murza ta da yatsu. Ta kai hanci. Sannan ta ɗan taɓa a harshe. Na zaci gautan za ta fara tambaya.

"Mi kinka ba su?" ta ce.

Na faɗa mata duka, robobi bakwai, da miyar da man da shattar, da kwanoni biyun da babu komai a cikinsu yanzu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta juya ƙasar a tafin hannunta ta ce, a hankali, "Shi ya gina min shi." Sai ta yi kuka. Ranar da aka fita da Baba ban ga ta yi irinsa ba, a ranar tasbihi take ja, mata suna yabon haƙurinta. Na zauna a gabanta ban san inda zan sa hannuna ba. Na ba ta haƙuri, ta ce halas, ya wuce, amma ba ta dube ni ba, kuma kwana biyun nan ba ta ƙara kirana malama ba. Ban taɓa zaton zan yi kewar wannan zolayar ba.

Ranar Asabar da zan koma, ta kira ni ta fara ba da umarni daga kan tabarmarta. A kwashe duk abin da aka zuba a kai shi nesa a binne, yanzu ƙasa ta yi laushi ba wanda zai ce ba ya iya haƙa. A buɗe wa ramin ruwan tur'a ya cika, a bar shi ya tsane, har sau uku, don gishirin ya sauka. A shimfiɗa harawar gyaɗa, a bi da tsohon kashin awaki. Na ce mata tsutsotsin fa sun mutu. Ta ce wasu sun mutu, amma tsutsa ba ta zama inda ake cutar da ita, in duba ƙarƙashin saiwar bagaruwa ta ɓangaren ruwa. Na ɗauki hutu daga aiki na yi yadda ta ce. A ƙarƙashin saiwar na same su, cure wuri ɗaya cikin laima, ba su kai cikin ƙoƙo ba.

Goggo da ta ji abin da ya faru ta fara da faɗa, ta ce ita dai ba ta ce a zubar da ni'ima ba kuma ba za ta taɓa cewa ba. Washegari sai ga ta da roba a hannu tana bin matan da ke dafa shayi. Gidan mai takaba ba ya rabuwa da baƙi, kullum mata suna zuwa taya Inna zama, kuma ba wadda za ta tashi ba ta sha shayi ko gahawa ba. Goggo ta kafa doka cewa ba a zubar da ganye ko ɗaya, ita da kanta take ɗauraye shi, kuma kaiton wadda ta jefa ɓawon lemu a robar. Da haka masu zaman makokin suka ciyar da ramin har ƙarshen damina, yawancinsu ba su ma sani ba.

A Madani kuma na ware 'yan tsutsotsi a kwanoni uku a bayan ɗakin gwaji, don in ji da kunnena abin da aka daɗe ana gaya mini. Na farko na ba su harawar wake da tsohon kashin awaki da ganyen shayi, na biyu busasshen karan dawa kaɗai, na uku ganyen darbejiya. Bayan wata biyu na farkon sun yi ƙiba sun hayayyafa, kwalbarsu ta yi ja sosai. Na karan dawa suna raye amma jan kaɗan ne. Na darbejiya sun rame sun taru a gefen kwano suna neman hanyar fita. Tsutsa ɗaya ce, ƙasa ɗaya ce, abincin ne kawai ya bambanta. Ban kai wa Inna wannan labarin ba, na riga na san abin da za ta ce game da shiga mota.

Ƙasa tana dawowa, amma gauta babu. Inna ta daina ambatonsa, kuma shirun nan ya fi mini faɗa ciwo. Ina cikin jera kayan sanyi a gidana wata safiya na tuna da akwatin aurena, wanda ya shekara tara a saman kabad. Na sauko da shi. A can ƙasa, ƙarƙashin zannuwan da ban taɓa ɗaurawa ba, ƙullin yana nan, ƙyallen ya yi ruwan ƙasa. Na san irin da ya yi shekara tara da wuya ya tsira. Na kuma san in na kai mata, za ta ga abin da na yi da kyautarta. Na yi kwana biyu da shi a jaka kafin na iya miƙa mata.

Ta karɓa ta juya shi. Ɗaurinta ne, irin wanda take yi sau biyu ta soke bakin a ciki.

"Ko kwance shi ba ki yi ba," ta ce.

"Ban yi ba, Inna."

Ta gyaɗa kai. Na ga abin ya taɓa ta, ba ta ɓoye ba. Sannan ta ce, "To, Alhamdu lillahi da ba ki yi ba, malama," ta tura shi ƙarƙashin matashinta. Ta ce ba mai taɓa shi sai ta fita ta ga ramin da idonta.

Ranar da ta fita takaba, bayan ta yi wanka ta canja kaya, dangi suna jira ta fara zagayen godiya gida-gida kamar yadda aka saba, ita kuwa ta ɗauki hanyar hawasha, ni da Goggo muna binta a baya. Ta durƙusa ta yaye tabarmar, ta cusa hannu har wuyansa ta ɗago. Tsutsotsi jajaye suna motsi a tsakanin yatsunta. Ta sunsuna ta ce bai kai da ba, amma zai yi. Da shigowar sanyi ta tankaɗe ƙasar da kanta, ta jiƙa irin kwana ɗaya, ta shuka rabi ta mayar da rabi cikin ƙyallen. Ni dai kallo aka bar ni da shi, ban kuma yi gardama ba.

Mako biyu ba abin da ya fito. A na uku ta aiko a gaya mini in zo. Guda huɗu ne, a gefe ɗaya na kwanon, ƙanana kamar kan allura. Ɗaya ya mutu bayan dashe, uku suka yi 'ya'ya. Ba ta bari an ci ko ɗaya daga nunan farko ba, ta bar su suka yi ja a jikin uwarsu, ta fasa ta wanke irin ta shanya a inuwa. Daga na biyun ne ta miƙo mini guda ɗaya a bakin ramin. Ɗacin yana nan yadda na san shi, na cinye har gindin.

Da zan koma Madani ta ba ni sabon ƙulli da ƙoƙon tsutsa rufe da ɗanyen ganye. Na riƙo ƙoƙon a cinya a cikin bas, matar da ke kusa da ni ta leƙa ta tambaye ni mene ne, na gaya mata, ta matsa can gefe. Ƙullin kuwa ban bari ya kwana ba, ina isa gida na kwance shi.